Kujerun Malam Uku da Maganar da Na Haɗiye

Da na buɗe baki tun ranar da muka fara ganin likita, da yanzu Malam yana nan yana taka ƙasa da ƙafarsa? Na tambayi likitan tun Malam yana kwance. Na tambayi limamin unguwarmu ta bakin matarsa. Duk tsawon takaba ita nake juyawa a raina, takaba ta ƙare, ban samu amsa ba. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda da haka, ni Musulma ce. Amma tambayar ba ta tafi ba.

Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. 'Yata Safiya ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini komai, ko inda zai ba ta kunya. Ina so matan da ke zaune da tsofaffin maza su ji, da malaman da ke koyar da ƙananan yara, don kada su bi hanyar da muka bi.

A Ƙofar Wambai muke. Mijina, wanda kowa ke kira Malam, ya yi aikin koyarwa a firamare har ya ajiye. Bai iya zaman gida ba. Wata makaranta mai zaman kanta a bayan layinmu ta ɗauke shi, aka ba shi rabin aji, yara 'yan shekara uku da huɗu, waɗanda ko majinarsu ba su iya sharewa ba. Mata ne suka saba riƙe ajin, amma shi ya roƙa a ba shi. Shekara tara ya yi a ciki.

Malam dogo ne, siriri, jinin Fulani. Kakanninsa da shanu suka zo, ubansa ne ya zauna a gari. To, wannan dogon mutum bai taɓa koyarwa a tsaye ba. A kan bencin yaran yake zama, ɗan benci da bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, gwiwoyinsa har kusan haɓarsa. Na taɓa kai masa maganin tari na gan shi haka, na yi dariya. Da ya dawo gida na ce masa ya yi kama da fara. Ya ce, "Innarsu, in na tsaya a kansu cikina kawai suke gani. Wa ya taɓa koyon baƙi daga ciki? Bakina nake so su kalla."

Innarsu yake kirana, yadda yara ke ce mini Inna. Ɗanmu na fari kuwa Yayansu muke ce masa, ni da shi duka. Ɗan fari ne, ba mu kama sunansa. Malam bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa cire hula a gabansa ba. In suna da magana, a zaure ake yi, a taƙaice, kowa yana kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka rene mu. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya biyo baya.

Ciwon ya fara ne a ƙarshen damina, satin da aka koma makaranta. Ya dawo da azahar yana dafe da ƙugu, ya ce bayansa ya riƙe. Na dafa ruwa na gasa masa da tsumma, na shafa masa man zafi. Washegari ya tafi aiki. Kwana uku bayan haka na lura in ya yi ruku'u sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Amma akwai abin da na sani wanda ya riga ciwon bayan da watanni. Buta ba ta hutawa a hannun Malam. Ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito, kafin ya gama alwala ya sake komawa. Ni ke masa wanki. Na fara jin wari a wandunansa, mutumin da ya fi kowa tsabta. Ran nan ina wanki na ga wani tabo ja-ja a farin wandonsa. Na jira sai da ya ci abinci, sannan na ce masa na ga wani abu. Bai ɗago ba. Ya ce, "Tsufa ne. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, Innarsu. Kin ji ko?" Na ce na ji. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare, bai taɓa roƙona in riƙe masa wani abu na sake shi ba.

A sati na biyu masu dubiya suka fara zuwa, kowa da sunan da ya ba ciwon. Ƙaninsa Alhaji Buba ya ce basir ne, ya kawo saiwoyi a gora. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne ya shige shi saboda simintin ajin. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho shida a baya, aka zubar da baƙin jini, kowa ya ce ga cutar nan ta fita. Ba ta fita ba. Hedimasta ta ji labari, ta sa aka kai masa farar kujerar roba ta ofishinta, ta ce ya bar bencin nan. Ita ce kujera ta farko. Kwana huɗu ya yi a kanta. Ta yi tsawo, teburin yara yana can ƙasa, sai ya zama duk yaron da zai kama wa hannu sai ya sunkuya daga sama. Ya dawo yana cije leɓe, ya ce gara bencin.

Sati na uku Yayansu ya zo da motar wani abokin aikinsa, ya tsaya a zaure ya ce yau sai asibiti. Tun bayan asuba muka kama layin kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Malam bai iya zama a bencin jira ba, bai kuma iya tsayuwa ba, sai ya jingina da ginshiƙi. Sau biyar ya ce zai je ya duba ko an kira mu ta wancan ɓangaren. Ni kaɗai na san inda yake zuwa.

Likitan yaro ne, bai kai Yayansu ba, da fara'a. Muka shiga mu uku. Ya sa Malam ya kwanta, ya danna nan, ya ɗaga ƙafa can. Sannan yana rubutu ya ce, "Baba, fitsari fa? Yana fita lafiya? Ba jini, ba wahala?"

Yayansu yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalman ubansa.

Malam ya ce, "Lafiya lau."

Likitan ya juyo ya dube ni. Wallahi ya dube ni, ya ce, "Haka ne, Mama?" Na ji maganar ta taso har maƙogwarona. Na dubi Malam, na ga ya kafe idonsa a silin. Na ga inuwar ɗana a ƙasa. Na gyara mayafi na ce, "Haka ne."

Sai ya tambayi aikin da Malam yake yi. Nan Yayansu ya samu abin faɗa. Ya ciro waya ya nuna masa hoton da aka ɗauka ranar rabon kyauta, ga Malam a takure kan bencin yara. Likitan ya yi dariya ya ce, "Haba Baba! Shekara tara a haka? Ko ni da nake yaro bayana sai ya karye." Ya rubuta ƙwayoyi, ya tura mu wajen masu gashin ƙashi. Ba zan ɓoye ba, na fito ina jin daɗi. An samu mai laifi, kuma mai laifin abu ne da za a iya ambata a gaban kowa.

A wajen gashin ƙashi muka haɗu da Sista Rifkatu, wata gajeriyar mata mai ƙarfin hannu, Hausarta irin ta waɗanda suka koya a kasuwa, namiji da mace duk "ka" take ce musu. Ita ta koya mana yadda ake zaɓen kujera, kuma abin da ta faɗa gaskiya ne, ina so malaman yara su riƙe shi. Ta ce kujerar yaro ta yaro ce, babba kada ya zauna a kai ko na rabin yini. Ta ce wadda za a nema ta zama gajeriya don a kai ga yara, amma mai faɗin mazaunin babba. Tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, gwiwa kada ta fi ƙugu tsawo. Ta zama da majingini mai tokare ƙasan baya, daidai inda ake ɗaure zani, da hannuwa biyu da mutum zai dafa ya tashi. Ta ce kuma komai kyawun kujera, a riƙa tashi ana takawa, kuma in yaro yana kuka a zauna a jawo shi, kada a sunkuya a ɗauke shi.

Yayansu bai jira ba. Ya ji wani soja a barikin Shadawanka an yi masa canjin wurin aiki yana sayar da kayansa, ya je ya sayo kujerar ofis, baƙa, mai taya biyar, mai hawa da sauka. Ita ce ta biyu. Da Malam ya dawo ranar da aka kai ta, dariya yake yi yana riƙe baya.

Ya ce, "Innarsu, yau na zama mota."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Ina rubuta alif a allo, sai na ji ina tafiya. Ashe yara huɗu ne suka haɗu a bayana suna turawa. Wata 'yar mitsitsiya, Nana, ita ce kwandasta, tana cewa Wunti, Wunti, saura mutum ɗaya."

Na yi dariya har da hawaye. Ban san ita ce dariyarmu ta ƙarshe irin wannan ba. Simintin ajin duk ramuka ne, taya ta faɗa ɗaya, kujerar ta girgiza shi, ya ce ya ji kamar an soka masa ƙusa a ƙashin baya. Aka mayar da ita gidan Yayansu.

Ta uku kafinta ne ya yi ta, wani dattijo a Wunti. Sista Rifkatu ta zana masa a takarda. Ya zo har gida da tef ɗinsa, ya auna Malam daga diddige zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙugu. Yana aunawa yana tsokana, "Malam, ni dai ban taɓa auna mutum don kujera ba. Ko tela zan zama ne?" Malam ya ce, "In ta matse ni a hammata zan dawo maka da ita." Kwana goma ta ɗauka. Ta fito kyakkyawa, da katifa, da ɗan tudu a majingini. Malam ya zauna ya lumshe ido ya ce alhamdulillahi. Dangi suka yi ta zuwa kallonta. Alhaji Buba ma ya zauna ya gwada, ya ce shi ma a yi masa.

Sati biyu kowa yana cewa an samu lafiya. Ni ce ban ce ba. Na ga ciwon ba ya sakinsa ko yana kwance. In kujera ce, me ya sa yake nishi a kan katifarsa, inda babu kujera? Na ga tuwon da nake zuba masa yana dawowa rabi. Na ga zariyar wandonsa tana ƙara tsawo in ya ɗaure. Ƙwayoyin da aka ce ya sha biyu, na ƙirga na ga huɗu yake sha. Ya fara cewa ƙafafunsa suna masa kamar tururuwa na tafiya a ciki. Tabon nan kuma ya daina zama na wata rana, ya zama na kullum, har na koma yin wankinsa a bayan ɗaki don kada matar da ke haya a gidanmu ta gani.

Tsoro ya shige ni irin wanda ban taɓa sani ba. In na ɗora tukunya sai in manta ban sa gishiri ba. In na ji keke ya tsaya a ƙofar gida da rana sai in leƙa da sauri. Na sake yi masa magana, na ce, "Malam, mu koma, mu biyu kawai." Ya ce, "Da wace motar? Wa zai kama mana layi? Duk inda muka je Yayansu ne zai kai mu." Sannan ya ce, "Kina so a tuɓe ni a gaban yaron nan?"

Sau ɗaya na yi niyya. Yayansu ya kawo mana buhun masara, zai fita, na bi shi zaure. Na ce, "Yayansu." Ya tsaya ya ce, "Na'am, Inna." Na dubi ƙeyarsa, na ga har ya fara furfura. Na ce, "A gaida mutan gidan." Ya ce za su ji. Na koma ciki na zauna a bakin murhu. Safiya ma da take rubuta wannan, ta zo sau uku a kwanakin nan, ta ce, "Inna, kin rame," na ce mata azumin nafila nake yi.

A sati na tara ne, ranar Laraba da hantsi. Ina tankaɗe sai ga wata malama daga makarantar ta shigo ba sallama, mayafinta a hannu. Ta ce, "Inna, ki zo, Malam ya kasa tashi." Ban san yadda na isa ba. An fitar da yaran waje, suna leƙe ta taga. Na same shi zaune a kan kyakkyawar kujerarsa, hannuwansa biyu a kan madafan, yana turawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ƙafafun kuwa suna nan a ƙasa kamar ba nasa ba. Gaban rigarsa a jiƙe. Ya dube ni ya ce a hankali, "Rufe ni." Na cire mayafina na rufa masa a cinya.

Hedimasta ta riga ta kira Yayansu. Da ya iso ya sunkuya zai ɗauke shi, Malam ya ce, "Kada ya taɓa ni. A kira masu gadi." Haka aka yi. Maza biyu baƙi suka ɗauke shi da kujerar gaba ɗaya zuwa mota, ɗansa yana tafe a baya riƙe da hularsa da ta faɗi.

A asibiti, kafin a samu gado, Allah ya haɗa mu da Sista Rifkatu a baranda. Ta dubi Malam, ta ɗaga mayafin kaɗan ta mayar. Ta taɓa mararsa, ya yi ƙara. Sai ta kama hannuna ta ja ni bayan wata ƙofa, inda ba kowa.

Ta ce, "Mama, ka faɗa mini gaskiya. Ni mace ne, kai mace ne. Wannan abu yaushe ya fara?"

Na fashe da kuka. Na faɗa mata duka, da butar, da warin, da tabon, da watannin. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Kai! Mama," ta sake ni ta ruga neman babban likita.

Aka sa masa robar fitsari. Abin da ya fita a ranar ya ba ni tsoro, ban san cikin mutum zai iya riƙe haka ba. Aka ɗebi jini, aka tura mu wani wuri a gari a ɗauki hoton bayan, aka dawo, aka jira. Kwana shida muna jiran sakamako, ni a tabarma a gefen gadonsa. In na taɓa yatsun ƙafarsa sai in ce, "Ka ji?" Ya ce, "Kaɗan." Ranar ta huɗu ya daina cewa kaɗan.

Babban likitan dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya kira ni da Yayansu ofishinsa. Ya ce akwai wata 'yar tsoka da maza ke da ita a ƙarƙashin mafitsara, a nan ciwon daji ya tsiro, ya daɗe. Sannan ya faɗi kalmomin da har yau nake ji in na rufe ido: "Ya riga ya shiga ƙashi, ya danne jijiyar baya."

Na ce, "Likita, kujerar fa?"

Ya ce, "Mama, kujerar yara tana kawo ciwon baya, wannan gaskiya ne. Amma ciwon kujera in an kwanta yana lafawa. Ba ya ramar da mutum, ba ya taɓa fitsari."

Na ce, "Da an faɗa muku tun wata biyu da suka wuce fa?"

Ya daɗe yana juya biro. Ya ce rai na Allah ne, ciwon ya riga ya yi nisa tun lokacin, ba zai yi mini ƙarya ya ce da ya warke ba. Amma akwai allurar da ke kwantar da shi, wasu suna samun shekaru da ita. Ya ce, "Ƙafafun dai, wataƙila da mun riga shi." Wataƙila ya ce. Da wannan wataƙilar nake kwana, da ita nake tashi.

Da muka fito Yayansu ya tsaya a baranda. Ya ce, "Inna, kin sani?" Tun yana jariri ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar. Na ce, "Na sani." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni ina ta yawon neman kujera." Ya juya ya sauka daga matakala. Na ga kafaɗunsa suna rawa.

Ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Likitan farko ya yi tambayar da ta dace, ban ɗora masa laifin amsar da muka ba shi ba. Amma shi ɗan ƙasar nan ne. Ya ga dattijo, ya ga ɗansa a tsaye. Da ya ce, "Ɗan ba mu wuri," da wataƙila Malam ya yi magana, ko ni in yi. Ina roƙon likitoci su riƙa fitar da 'ya'ya kafin su tambayi iyaye irin wannan. An kuma ce akwai injin da ake gasa ciwon da shi, amma sai a wani gari, ga layi mai tsawo, Malam kuwa ko zama a mota ba zai iya ba a lokacin. Sai allurar aka fara. Alhaji Buba ya sayar da shanun Malam biyu da suka rage a wajen danginsu don kuɗin magani, bai jira an roƙe shi ba. Allah ya saka masa. Allah ya saka wa Sista Rifkatu, wadda take zuwa har gida ranar hutunta ta koya mini yadda ake juya mara lafiya. Allah ya saka wa iyayen yaran, da ba a yi rana guda ba a aiko mana da kwano ba.

Sati uku muka yi a asibiti aka sallame mu. Wata biyu da rabi ya yi a gida. Jinyar nan ni kaɗai na yi ta, domin ya ƙi kowa. Safiya tana dafa abinci, tana wanke zannuwa, amma in za a gyara shi sai ta fita. Yayansu kuwa kullum kafin ya tafi aiki yana zuwa, in ya tashi ma yana zuwa. Ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, ya jiki?" Malam ya ja bargo har wuya ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan. Sai ya koma zaure ya zauna, awa ɗaya, awa biyu, ko za a kira shi. Ba a kiransa.

Ni ke zubar da robar. Ni ke wanke shi. An ce a riƙa juya shi a kai a kai don kada bayansa ya yi gyambo, to ni tsohuwa ce, shi kuma duk ramarsa dogo ne, ƙashi yana da nauyi. Gyambon ya fito duk da haka, a ƙasan baya, ya fara kamar kwabo ya zama kamar tafin hannu. Nawa bayan ma ya kama. Na fara salla a zaune. Kullum in zan ɗaga shi ina tsoron ranar da hannuna zai sake shi. Ina tsoron ya tafi ina tsakar gida. Ina tsoron ya tafi ban tambaye shi ko ya yafe mini tona maganar da na yi ba, ina kuma tsoron Allah ya tambaye ni me ya sa ban tona ta da wuri ba.

Ku da kuke karanta wannan, in bayan mai koyar da yara ya yi ciwo, a nema masa kujera mai kyau, yadda Sista ta faɗa. Malamar da ta karɓi ajin Malam tana kan tasa yanzu, ta ce ta ji daɗinta. Amma a duba ko ciwon yana lafawa in an kwanta. A duba kwanon abinci. Mace ta duba abin da take wankewa, in ta ga abin da na gani ta faɗa, ko da an ce kada ta faɗa. Fushin miji na kwana biyu ne. Ni na guje masa, ga ni nan.

Ya rasu ranar Asabar bayan la'asar, kansa a cinyar Yayansu, shi ya yi ta maimaita masa kalmar shahada har ya bi shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Tun ranar Juma'a ya daina magana da mutane.

A safiyar Juma'ar ne, rana ta ɗan ɗaga, na zo canza masa zanin gado. Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya a ƙugu, na ce bismillahi na ja. Wani abu ya tsinke a bayana. Na durƙushe a gefen gadon, shi kuma ya zame, rabin jikinsa yana lilo, kansa ya kusa taɓa ƙasa. Na tare shi da ƙirjina. Na kasa mayar da shi, na kasa sakinsa. Ina jin tarin Yayansu daga zaure. Na fara kuka ina cewa, "Malam, ka yafe mini, ni na kai mu nan, da na faɗa, da na faɗa."

Bakinsa yana daidai kunnena. Muryar ta yi ƙasa sosai, amma na ji kowace kalma.

Ya ce, "Daina, Innarsu. Ni na rufe miki baki, ni zan amsa wannan. Kira shi ya zo ya ɗaga ni. Ke ki je ki miƙe bayanki."